Yadda ake shawo kan faɗuwar gaba bayan an kuɓuta daga tashin hankali

Ranar da aka sako wani ƙanena daga hannun masu garkuwa da mutane, gidanmu ya cika maƙil da 'yan barka da arziki. Mako biyu ana shiga ana fita, ana "Allah ya tsare gaba". An kai shi asibiti, an yi masa ƙarin ruwa, kumburin ƙafafunsa ya sace, jiki ya fara murmurewa. Kowa ya ce ya warke. Bayan kamar wata huɗu muna zaune a ƙofar gida da la'asar sakaliya, sai ga 'yan acaɓa uku sun shigo layi a jere, a guje. Kofin shayin da ke hannunsa ya suɓuce, gumi ya keto masa, hannunsa na rawa. Da ya ɗan dawo hayyacinsa sai ya ce mini, "Yaya, na san 'yan unguwa ne. Wallahi na sani. Jikina ne bai sani ba."

Wannan rubutu na masu irin wannan hali ne. Ba wanda aka sace kaɗai ba: har wanda ya tsira daga haɗarin mota, da wadda aka yi wa fyaɗe, da wanda gobara ta ci shagonsa yana ciki, da fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022, da mutanen Maiduguri da ruwa ya tashe su cikin dare a Satumbar 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Abin ya wuce, an koma kasuwa, an koma ofis, amma gaba bai daina faɗuwa ba. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yar uwa, har da ke nake.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari, kafin ma ka yi tunani, sai ya sa jiki ya saki sinadarin adiranalin daga wasu 'yan ƙulluttai da ke saman ƙoda. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, jini ya koma cinyoyi da damatsa don gudu ko kokawa, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Wannan gadin ne ya taimaka maka ka rayu a daji. Matsalar ita ce mai gadin da aka taɓa yi wa ba-zata yakan koma yin kururuwa ko kyanwa ce ta taka kwano. Hausawa sun riga likitoci faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kuma shi wannan mai gadi ba ya jin wa'azi ko lallashi. Abin da ya gani da idonsa, sau da yawa, shi kaɗai yake yarda da shi. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na nuna masa.

Mataki na 1: Gano abin da ke tayar maka

Sayi ƙaramin littafin rubutu. In rubutu na yi maka wuya, ka riƙa ɗaukar muryarka a waya. Tsawon mako biyu, duk lokacin da gabanka ya faɗi, rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, a ina, me ka ji ko ka gani ko ka shaƙa dab da abin, sannan ka ba tsoron maki daga 0 zuwa 10.

Mutane da yawa kan ce abin haka kawai yake zuwa musu. Da wuya a ce haka kawai ne. Littafin ƙanena ya nuna abu uku: ƙarar babura fiye da ɗaya, kiran baƙuwar lamba, da warin hayaƙin ɗanyen itace, don da shi ake dafa musu abinci a daji. Na ukun nan bai taɓa zato ba. Shi ne dalilin da duk magariba, lokacin da maƙwabta ke hura wuta, yake jin duniya ta yi masa ƙunci, har wasu a gida sun fara cewa iska ce. Wari yakan tayar da tsohon tsoro da sauri ƙwarai, kuma shi aka fi mantawa a bincika.

Mataki na 2: Koyi numfashin da ke taka wa jiki burki

Ba ka da iko kai tsaye a kan bugun zuciyarka, amma kana da iko a kan numfashi, kuma su biyun a ɗaure suke. Duk lokacin da ka fitar da iska a hankali, zuciya kan ɗan rage gudu. Saboda haka asirin yana wajen fitarwa, ba wajen shaƙa ba.

Zauna, ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, ka bar cikinka ya taso, hannun da ke ƙirji kuwa kada ya motsa sosai. Sai ka fitar ta baki kamar mai hura koko mai zafi, kana ƙirga 1 zuwa 6. Shi ne zagaye ɗaya, wajen daƙiƙa 10. Yi minti 3 zuwa 5. In ka ji jiri, kana cika huhu da yawa ne, rage yawan iskar da kake shaƙa. Wannan kuskure ya yi yawa: ana ce wa mai firgici "ja dogon numfashi", shi kuma ya dinga zuƙa da ƙarfi, sai yatsunsa su fara tsitsitsi, kansa ya yi fayau, tsoro ya ninku.

Kada ka jira sai abin ya taso. Ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife. Liƙa shi a jikin abin da ba ka fashinsa: bayan sallamar kowace salla, kafin ka miƙe, yi zagaye 10. Sau biyar ke nan a rana ba tare da ka sa ƙararrawa ba. In kai Kirista ne, haɗa shi da addu'ar safe da ta dare da lokutan cin abinci. Bayan makonni kaɗan za ka ga jiki ya fara kama shi da kansa.

Mataki na 3: Idan ya taso a tsakiyar mutane

Abu na farko da ya kamata ka riƙe: firgici mai tsanani yakan kai ƙololuwarsa cikin kamar minti 10, daga nan ya fara sauka da kansa. Yana da muni, kana jin kamar za ka mutu ko za ka zauce, amma shi kansa ba ya kisa. (Sai dai in karon farko ne ka ji ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi, je a duba ka. Ciwon zuciya, ƙarancin jini, faɗuwar sukari da ciwon maƙoƙo duk suna iya yin kama da shi.)

A wannan lokaci hankalinka ya koma can inda abin ya faru, aikinka shi ne ka jawo shi nan. Taka ƙasa da tafin ƙafa biyu, ka danna sosai. Fara numfashin nan. Sannan ka ambaci abu 5 da kake gani, da sunansu da launinsu: jan bokiti, koren ƙyaure, farar hula. Abu 4 da jikinka ke taɓawa. Sauti 3 da kake ji. Wari 2. Ɗanɗano 1. In akwai ruwan sanyi kusa, ko na leda ne, wanke fuska da ƙeya, ko ka yi alwala gaba ɗaya. Ruwan sanyi a fuska na rage bugun zuciya. Ƙanena yana yawo da kanumfari a aljihu, in warin hayaƙi ya kama shi sai ya tauna guda. Wani carbi yake murzawa, wata turarenta take shaƙa. Ko mene ne, ya zama abin da babu shi a wancan wuri.

Daga nan ka gaya wa kanka inda kake, a fili in da hali: "Yau Talata. Ina kasuwa. Wancan ya wuce." Akwai wata aya a Suratul Ƙasas da ta dace da nan ƙwarai. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fita daga birnin Fir'auna yana mai tsoro, yana waige-waige. Da ya isa Madyana ya ba wani dattijo labarinsa, sai dattijon ya ce masa kada ka ji tsoro, ka tsira daga azzaluman mutane. Dubi yadda ya riga ya tsira, amma sai da aka gaya masa.

Mataki na 4: Daina gudu, amma hawa-hawa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

Duk abin da ya tsorata ka, ka kauce masa, nan take za ka ji sanyi. Wannan sanyi shi ne tarkon. Mai gadin nan na ƙwaƙwalwa sai ya ce, "Ka gani? Don mun gudu ne muka tsira." Gobe tsoron ya ƙaru. Yau ka daina hawa babur, jibi ka daina zuwa bakin titi, wata mai zuwa ka koma yin salla a ɗaki. Duniyarka ta dinga tsukewa har ta koma girman tabarma.

Amma kafin komai, raba takarda biyu. A gefe ɗaya rubuta abin da yake haɗari na gaskiya, a ɗaya gefen abin da kawai yake kama da haɗari. Dole in jaddada wannan, domin yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan wannan ciwo an tsara su ne don wanda yaƙinsa ya ƙare. Namu a wurare da yawa bai ƙare ba. Mutumin da ya ƙi bin hanyar Birnin Gwari da daddare, ko ya ƙi kwana a gonar da ke bakin daji a Zamfara, ba mara lafiya ba ne, mai hankali ne. Kada kowa ya tura ka can da sunan jarumta. Gwajin mai sauƙi ne: maƙwabtanka masu hankali, waɗanda abin bai taɓa samu ba, suna yin wannan abu kullum ba tare da shakka ba? In suna yi, yana gefe na biyu, kuma shi za ka yi aiki a kansa.

Ɗauki abu ɗaya tak daga gefe na biyu, ka sassara masa tsani mai hawa 5 ko 6, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ga wanda muka yi kan babur:

Hawa na farko, zama a zaure da ƙofa a buɗe yana jin wucewarsu, ina kusa da shi. Na biyu, zama a dakalin ƙofar gida minti 20 lokacin da yara ke tasowa daga makaranta. Na uku, tsayawa a inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja, ya gaisa da su. Na huɗu, wani abokinsa ya goya shi zuwa ƙarshen layi su dawo. Na biyar, hawa na baƙo da rana zuwa kasuwa. Na shida, haka ɗin bayan magariba.

Ƙa'idojin su ne waɗannan. Fara da hawan da makinsa bai wuce 3 ko 4 ba. In ka shiga, kada ka tashi lokacin da tsoro ke kan ganiyarsa, zauna kana numfashi har sai ya sauka, ko da zuwa rabi ne. In ka gudu yana sama, ka ƙara masa ƙarfi ne. Maimaita hawa ɗaya kullum ko bayan kwana bibbiyu, har ya fara gundurar ka. Gundura ita ce alamar nasara. Sai ka hau na gaba. In wani hawa ya fi ƙarfinka, ba faɗuwa ka yi ba, tazarar ce ta yi faɗi, saka wani ɗan hawa a tsakani. Hawa na uku ya ci wa ƙanena kusan wata guda, na biyar kuwa kwana biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Gargaɗi ɗaya: wannan tsani na abubuwan yau da kullum ne, kamar titi, kasuwa, duhu, mota. Ba na zama ka tono abin da aka yi maka dalla-dalla kai kaɗai ba ne. Wancan aiki ne da ake yi tare da ƙwararre.

Kuma ka shirya wa lokutan da ka san suna tafe. Daren Salla, bikin aure da ƙarshen shekara yara na fasa nokawut, 'yan tauri da mafarauta na buga bindigar toka. Zagayowar ranar da abin ya faru ma takan tayar da shi, ko farkon damina ga wanda ambaliya ta ci. Abin da ka san yana zuwa ba ya dukanka kamar wanda ya zo ba sallama.

Mataki na 5: Barci, goro da waya

Wanda bai yi barci ba, ko ƙyaure aka buga sai ya zabura. Tsayar da lokacin tashi guda, asuba ta riga ta yi mana wannan gata. In za ka yi ƙailula, kada ta wuce minti 30, kuma kada ta kai bayan la'asar.

Goro, shayi mai kauri, kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, wanda ke sa bugun zuciya da rawar hannu, wato ainihin abin da kake gudu. Bayan awa 5 da shansa, kusan rabinsa na nan a jini. Wanda ya zauna majalisar shayi ƙarfe 9 na dare ya sha zagaye uku, bai kamata ya yi mamakin ganin ƙarfe 2 ido biyu ba. Ban ce ka bar majalisa ba, zaman na da amfani. Daga azahar ka koma citta, na'ana'a ko zoɓo.

Sai waya. A ganina babu abin da ke hana irin wannan rauni warkewa kamar bidiyon gawarwaki da na 'yan bindiga da ake turawa a WhatsApp da Facebook da TikTok. Kashe saukar da bidiyo kai tsaye, fita daga zauren da aikinsa ke nan. Labarai kuwa, ji na rediyo sau ɗaya da rana ya ishe ka sanin halin da hanya ke ciki.

In mugun mafarki ya tashe ka, sunna ta koyar da yin tofi ta hagu sau uku, da neman tsarin Allah daga Shaiɗan, da juyawa ɗaya gefen. Ƙara da kunna fitila ka kalli ɗakin, ka ambaci abin da ke ciki. In ka yi kamar minti 20 barci bai dawo ba, tashi ka zauna, ka yi nafila ko karatu mara nauyi, sai ka ji gyangyaɗi ka koma. Kuma ka gajiyar da jiki da rana: tafiyar ƙafa ta minti 30, noma, ɗiban ruwa, ƙwallo, duk suna ƙone sinadarin da tsoro ya tara.

Mataki na 6: Yanka wa zullumi lokaci

"In suka dawo fa? In yara ne a gaba fa? Bashin kuɗin fansa fa?" Hana kai tunani ba ya yiwuwa, amma ana iya ɗaga shi. Ware minti 15 kullum, misali bayan la'asar. In tunani ya zo a wani lokaci, rubuta shi a layi ɗaya ka ce masa sai an jima. In lokacin ya yi, duba jerin. Wanda ke da abin yi, kamar gyaran sakata ko zama da masu bin bashi a tsara biya, sa masa rana. Wanda ba shi da abin yi, yi masa addu'a ka rufe littafin.

Mataki na 7: Mutane

'Yan jaje na da kirki, amma wasunsu labari suka zo sha. Ba dole ba ne ka ba kowa. Tanadi amsa guda: "Alhamdu lillahi, Allah ya kuɓutar, sai dai a taya mu da addu'a." In aka matsa, maimaita ta. Amma ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, mata ko miji, ɗan uwa, aboki, malami, wanda za ka iya ce wa "yau ba na jin daidai" ba tare da ya buɗe maka wa'azi ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ku kuma 'yan gida, ku yi sallama kafin ku shiga ɗakinsa, kada ku dafa shi ta baya, kada ku tashe shi da girgiza, ku kira sunansa daga nesa. Ku hana yara wasan tsoratarwa. Ku bar cewa "ai ya wuce, ka manta", kuma don Allah ku bar cewa raunin imani ne. Lokacin da wahayi na farko ya sauka a kogon Hira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya koma gida zuciyarsa na bugawa yana cewa a lulluɓe shi. Nana Khadija ba ta tuhume shi ba. Lulluɓe shi ta yi har tsoron ya tafi, sannan ta yi magana. Shi kuma da kansa ya koyar da neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne.

Mataki na 8: Kemis da asibiti

Wani zai ce ka je kemis a ba ka baliyam ko D5 ka samu barci, wani ya miƙo maka tiramol ko wiwi. Kada ka karɓa. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba wanda bai daɗe da shiga tashin hankali ba magungunan dangin baliyam don rage firgici ko rashin barci. Suna kwantar da kai na dare ɗaya, jiki ya saba da su cikin 'yan makonni, kuma suna hana ƙwaƙwalwa koyon darasin da tsanin nan ke koya mata. In ka riga ka daɗe kana sha, kada ka yanke lokaci guda, yana iya jawo jijjiga, likita ne zai rage maka sannu a hankali.

Je asibiti in fiye da wata guda ya wuce abin na dawo maka kamar yanzu yake faruwa, ko mafarkin ya ƙi ƙarewa, ko ka kasa aiki, ko ka fara hucewa a kan iyali, ko ka bi waɗannan matakai makonni 6 zuwa 8 ba canji. In kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa, yau za ka gaya wa wani, yau za a kai ka, kuma a ɗauke maganin ƙwari da makami daga inda kake.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Dawanau ta Kano da kuma Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Na san nauyin da sunayen nan ke da shi a bakin mutane. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 mai ɗaukar duk mai ciwon ƙwaƙwalwa mahaukaci, sai dai bakin unguwa bai canza da doka ba. In kunya ce ta hana ka, fara da likitan babban asibitin garinku, shi zai tura ka. Yawancin masu zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba a kwantar da su, a ranar suke komawa gida.

Maganin da ya fi aiki ga wannan ciwo zama ne na tattaunawa da ƙwararre wanda ya san aikin, galibi zama 8 zuwa 12, inda ake bin abin da ya faru a tsare har ya koma labari, ya daina zama wuta. Wani lokaci a haɗa da ƙwayar da ake sha kullum, wadda ba ta bugarwa, kuma takan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji aikinta, don haka kada ka yar da ita a mako na farko. Tafi da ɗan littafin nan naka. In bakinka ya yi nauyi a gaban likita, miƙa masa ya karanta, daga nan tambayoyin za su fito daga wajensa.